Neman shawara: ta ina zan fara bin sawun kakana a ƙasar Argungu?

Mai tambaya (a sakaya sunana):

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah a sakaya sunana, maganar ta shafi gida.

Ni haifaffen Jega ne, mahaifina ma haka, Allah ya jiƙansa, bara ya rasu. Kakana na wajen uba kuwa zuwa ya yi. Abin da kowa ya sani a gidanmu shi ne daga wani ƙauye na ƙasar Argungu ya fito yana matashi, da jakunansa, ya zauna Jega yana ɗaukar kayan 'yan kasuwa. Daga baya ya shiga harkar goro yana zuwa Kumasi, har korar baƙi da aka yi a Ghana a 1969 ta dawo da shi gaba ɗaya. Ya rasu zamanin Shagari, ban gan shi ba. Garba Mai Jakai ake ce masa. Sunan ubansa, sunan uwarsa, sunan ƙauyen, babu wanda zai gaya maka a cikin 'ya'yansa, sun ce ba ya son a yi masa maganar.

Abin da ya tayar min da zancen, lokacin auren ƙanwata dangin miji sun zo tambayar asali. Baffana ya ce musu mu Kabawa ne, suka ce na wane gari, sai ya kama tari. An yi auren lafiya, amma ni abin bai bar raina ba.

A adakar mahaifina na samu rasit ɗin haraji guda uku. Biyu na Jega ne, ɗaya tsoho na En'e ta Argungu, wurin sunan gari ya koɗe. Akwai wata takarda mai rubutun Larabci ko ajami, da hatimi a ƙasanta, na kasa karantawa. Sai Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka. Kakarmu, amaryarsa ta ƙarshe, tana nan da ranta amma ta tsufa sosai, kuma ita 'yar Jega ce, ba ta taɓa zuwa garinsu ba.

Wani abokina ya ce in tafi Kaduna wurin da ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati, wai komai yana can. Kafin in kashe kuɗin mota, masu sani a taimaka.

Tsohon Rajistara:

Wa alaikumus salam. Allah shi jiƙan mahaifinka, ɗana. Na yi aikin kotu har na aje, kuma waɗanda munka gada sun yi zamanin En'e, don haka bari in gaya maka abin da na sani.

Talakan ƙauye na wancan zamani, sunanai ba ya shiga takarda sai in ya biya haraji, ko ya tsaya gaban alƙali, ko ya mutu ya bar abin rabo. Haihuwa ba a rubutawa. Ɗaurin aure ba a rubutawa, amma sakin da ya kai kotu an rubuta shi. To a cikin waɗannan, rabon gado shi ne mai tsoka, don shi kaɗai ne ke tilasta wa malamin kotu ya jera dukan magada, maza da mata, da matan mamaci, da garin da anka yi rabon. Dalili kuwa akwai ushira da En'e ke cirewa daga dukiyar, kuma inda kuɗin baitulmali ya shiga ba a wasa da rubutu.

Saboda haka wagga takarda mai hatimi ita za ka fara bi, Kaduna ta dakata. Ka kai ta wurin tsohon malamin zaure wanda idonai ya saba da rubutun hannu irin namu na allo, yaran da sunka yi karatu da bugun inji sau da yawa ba su iya fitar da shi. A duba hatimin da kyau, yakan ɗauki sunan alƙali. A duba shekarar hijira. Kada ka manna mata salatif, kada ka kai a rufe ta da roba mai zafi, ka ɗauki hotonta ka maida ta tsakanin farar takarda biyu. Kuma kada ka ɗora hoton nan zaure, ba ka san abin da ke ciki ba tukuna.

Ka buɗe Alƙur'anin nan ma, ka duba warƙar farko da ta ƙarshe. Mai rubutu yakan sa sunanai da na mahaifinai in ya kammala, wasu kuma nan suke rubuta ranar haihuwar ɗiyansu.

Bakatsine a Birnin Kebbi:

Wahalar me za ka sha? Bakabe ai asalinsa a ruwa yake. Ka je bakin Matan Fada da homa ka yi sallama, 'yan uwanka za su ɗago kai.

'Yar Kanta:

Ka ji shi, an ba shi masauki ya fara zagin masu gida. Ka fara biyan kuɗin shara tukuna kafin ka yi magana a gaban iyayen gidanka.

Maman 'Yan Biyu:

Ƙanena, duk kun tafi wajen takarda kun bar tsohuwa a ɗaki. Takarda in ta kai shekara tamanin za ta iya ƙara wata biyu, ita kuwa Kaka ba ka da tabbas. Yau ɗin nan ka fara da ita.

Amma ka san yadda za ka tambaye ta. In ka zauna da biro da littafi ka ce "yaya sunan surukinki", ba za ta faɗa ba, sunan mijin ma ba za ta kama ba, alkunya ce. Kai jika ne, kana da ƙofar wasa. Ka sayo mata goro, ka zauna ka tsokane ta, ka ce tsohon nan da ya riga ka aurenta daga ina ma ya ɓullo. Ka kunna rikodin a waya ka ajiye gefe. Kada ka tambaye ta shekara, tambaye ta abubuwa: wa ya karɓa masa aurenta? Da ya yi ciwon ajali wa ya zo dubiya? Ranar sadakar uku da ta arba'in akwai baƙin da suka zo daga nesa? Da kaka akwai wanda ke aiko masa da shinkafa ko busasshen kifi? Wane irin tsage ne a fuskarsa? Cikin 'ya'yansa wa yake kira Baba ko Inna maimakon sunansa? Wannan na ƙarshe ka riƙe shi da kyau. Mutum ko ya ɓoye iyayensa da baki, yakan mayar da sunansu ga 'ya'yansa.

Ni haka na gano dangin kakata a Kamba, daga zancen wata mata da ke kawo mata daddawa duk shekara.

Malamin Tarihi:

Na goyi bayan Baba Rajistara da Hajiya Maman 'Yan Biyu. Bari in yi bayanin Kaduna, don kada a ɗauka ba ta da amfani, kada kuma a ɗauka komai yana can.

Kebbi ba ta zama jiha ba sai 1991. Zamanin Turawa Argungu da Gwandu duk suna ƙarƙashin Lardin Sakkwato ne, saboda haka a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna za ka nemi fayilolin wannan lardi, waɗanda ake yi wa laƙabi da SOKPROF. Mafi amfani gare ka su ne rahotannin kimanta haraji da littattafan gunduma. D.O. ko mataimakinsa yakan zagaya gunduma ƙauye-ƙauye, ya rubuta sunan kowane gari, da yawan masu biyan haraji, da ƙabilun da ke ciki, da sana'o'i, da dabbobi, da labarin wanda ya kafa garin kamar yadda dattawa suka gaya masa, da jerin hakimai da dagatai. Za ka san irin duniyar da kakanka ya tashi a ciki. Amma sunan manomi guda ɗaya da wuya ka gan shi, sai in ya riƙe sarauta ko ya shiga wata rigima da ta kai ofishin Razdan. Jerin sunayen magidanta yana hannun dagaci da malamin haraji ne, kuma irin waɗannan ba kasafai suka bar ƙauye ba.

Ma'ana, in ka je ba ka san gunduma ba, za ka yi ta juya takardu ne kawai. Masarautar Argungu ta yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Argungu, Augie, Arewa da Dandi, ƙasa ce mai faɗi. Ka samo gundumar tukuna. In za ka tafi ka riƙe katin shaida da takardar gabatarwa. Kana Kaduna ka leƙa Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, a Sakkwato kuma akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, ita ce ma ta fi kusa da kai.

Ka lura da rubutun Turawa. Gwandu sukan rubuta ta Gando, sunayen ƙauyuka kuwa kowane Bature da yadda kunnensa ya ji. Haka mutane: Garban nan naku a takardar alƙali Abubakar za ka gani.

Game da shekaru, ga abin da za ka gwada Kaka da sauran tsofaffi da shi. Annobar marisuwa, wato mura mai kisa, 1918. Zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu 1934. Yunwar 'Yar Gusau wajen 1942 zuwa 1943, lokacin da ake ɗiban mutane ƙarfi da yaji zuwa haƙar kuza a Jos, wanda ake kira ɗiban gwamna. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973. In tsoho ya ce "ina da wayo lokacin kaza", ka samu ma'auni. Ni zargina ma, saurayin da ya bar ƙauye da jakuna a irin wancan lokaci bai sake waiwaya ba, ko yunwa ce ta kore shi ko gudun ɗiban gwamna. Zargi ne dai.

Wani abu kuma: in tsagen fuskarsa na Arawa ne ko ya fito daga Dandi, kada ka yi mamaki rabin dangin suna hayin iyaka, wajen Dogon Dutsi ko Gaya. Turawan Ingila da na Faransa sun raba gari da gonarsa a wannan yanki, mutane kuma sun yi ta tsallakowa suna gudun aikin tilas na Faransa.

Ɗan Boko:

Me zai hana ka yi gwajin DNA kawai? Yanzu ana aika yawu Amurka a gaya maka asalinka.

Malamin Tarihi:

Zai biya daloli a ce masa shi mutumin Afirka ta Yamma ne. Gwajin yana haɗa ka ne da waɗanda su ma suka yi shi. Mutum nawa ne a ƙauyukan Augie suka aika yawunsu Amurka?

Kawu Na Tasha:

Ni kam shawarata ka bar kaza cikin gashinta. Dattijo ya zauna da ku shekara da shekaru bai faɗa ba, kana ganin mantuwa ya yi? Wanda ya rufe ya san abin da ya rufe. Kai ka san bauta ba ta daɗe da ƙarewa a ƙasar nan ba. In ka tono ka tarar uban kakanka a gandun wani ya tashi fa? Kana da ƙanne mata da ba su yi aure ba, kana da 'ya'ya. Mutanenmu har gobe suna duba wannan, kowa ya sani, ana dai yin shiru ne.

Malamin Tarihi:

Kawu bai faɗi ƙarya ba, kuma gara a faɗa masa tun yanzu. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar ɗa ne, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan kotunan alƙalai sun rubuta dubban mutanen da suka fanshi kansu ko aka 'yanta su. Wanda duk ya shiga wannan bincike zai iya cin karo da irin wannan, a gidan talaka ko a gidan sarauta, don sarakuna da yawa 'ya'yan ƙwarƙwara ne. Inda na saɓa da Kawu, sanin abu daban, shelarsa daban.

Malam Na Zaure:

Ya zo a hadisi cewa mu nemi sanin nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. To ga ma'auni nan. In niyyarka ka samo 'yan uwa ka gaishe su, ka san wanda yake muharraminka, ka yi wa magabata addu'a da sunansu, Allah ya ba ka lada. In kuwa so kake a ce maka kai jinin Kanta ne, akwai maroƙa da sanƙirori da za su haɗa maka salsala har Surame kafin ka gama ƙirga musu kuɗi. Kuma abin da ka gano na wani gida da ba naku ba, amana ce.

Kawu, wanda aka kama aka sayar ba shi ne ya yi abin kunya ba.

Kawu Na Tasha:

Malam, a kan mumbari haka ne. Ranar tambayar aure ba kai ake kira ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana.

Yaya Maman 'Yan Biyu, dabararki ta ci. Kaka ta ce tsagen Kabawa ne a fuskarsa, kuma ya taɓa ba ta labarin yana saurayi aka tafi da su kallon saukar Sarkin Musulmi a Argungu, a ƙasa suka je suka kwana ɗaya a hanya. Ta ce babbar gwaggonmu ita yake kira Inna, bai taɓa kama sunanta ba. Sannan bayan dawowarsa daga Ghana wata mata ta zo ta yi kwanaki a gidan, suna shiga ɗaki su yi ta magana ƙasa-ƙasa, ranar da za ta tafi ya raka ta tasha yana share hawaye. Ƙanwarsa ce. Ta ce ana kiranta Kande, kuma tana aure a wani gari na bakin fadama. Wallahi baffana da ke zaune nan bai taɓa jin wannan ba.

Takardar kuma na kai wa wani tsohon limami. Baba Rajistara, kamar kana gani: rabon gado ne, shekarar 1361. Akwai sunan mamacin, da matarsa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, Abubakar na cikinsu. Sunan matar shi ne sunan gwaggon da yake kira Inna. An raba jakuna da hatsi, an ambaci gonar fadama. Sunan garin ya fito, na duba yana nan har yanzu a ƙaramar hukumar Augie, amma ba zan faɗe shi a nan ba. Alƙur'anin babu komai sai addu'ar kammalawa.

Yanzu ina tunanin in shirya ranar Asabar in tafi da takardar.

Malamin Tarihi:

1361 ta yi daidai da 1942. Ga mai son lissafi, ka ninka shekarar hijira da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗa kusa. Ka ga uban ya rasu a bakin yunwar nan, an raba gado, ɗa ɗaya ya kora jakunan rabonsa ya yi kudu. Yanzu Kaduna ta yi amfani, tunda ka san gari.

Tsohon Rajistara:

Tsaya, ɗana. Kada ka tafi da takardar, kuma kada ka tafi Asabar.

Ka karanta abin da ka rubuta da kanka: maza biyu, gonar fadama. Ɗaya ya tafi da jakai, ɗaya ya zauna. Jikokin wanda ya zauna su ke noman wagga gona yau, kuma kai ka san abin da fadama ta zama a ƙasar Argungu tun da shinkafa ta yi kuɗi. Baƙo ya sauka daga mota da takardar gado mai hatimin alƙali ya ce zumunci ya kawo shi, wa zai yarda? Na ga irin haka a wata kotu da na zauna. Mutum ya zo neman dangi da zuciya ɗaya, kafin la'asar an gaya mai ba a taɓa jin sunan kakanai ba a garin, alhali tsohon da ke faɗin hakan ɗan baffan ubanai ne.

Ga yadda za ka yi. Ka fara zama da baffanninka da gwaggwanninka, don in akwai haƙƙi a gonar nasu ne kafin kai, kuma ba ka da ikon yafe abin da ba naka ba. Ku tsaida magana ɗaya. In sun ce ba su neman komai, to wanda za shi gabatar da kai ya faɗi hakan tun a zauren mai gari, gaban liman, kafin a kawo ruwa. In kuwa akwai mai so a cikinsu, gara ka sani tun yanzu, wannan tafiya ce daban, kada ka haɗa su.

Sannan ba a shiga ƙauye haka kai tsaye. Ka nemi ɗan garin da ke zaune Argungu ko Birnin Kebbi, malamin makaranta ko ɗan kasuwa, shi kai saƙo ga mai gari, shi kuma gaya maka halin hanya, don ka san yadda tsaro yake yanzu ta wancan gefe. Ka tafi da baffanka, ba kai kaɗai ba, da goro da ɗan abin gaisuwa.

Maman 'Yan Biyu:

Kuma ni da ni ce, ta wajen Kande zan shiga. 'Ya'yan mace ba su da fargabar gona kamar 'ya'yan namiji, su za su fi sakin baki. Matar da ta yi tattaki har Jega neman wanta, ba yadda za a yi ba ta ba 'ya'yanta labarinsa ba. Ka tafi da gwaggo mai sunan Inna in tana iya tafiya, matan gidan na ganinta za su ja ta ciki, abin da za ta jiyo a tsakar gida kai ba za ka ji shi a zaure ba. Ka sa ta tambayi gidan wanzaman garin ma, su suka yi wa kakanku tsage, kuma aska gado ce, sun san gidajen da suke yi wa aiki.

Kawu Na Tasha:

To tunda alƙali ya raba musu gado da gona, maganata ta farko ta faɗi, na janye. Amma har yanzu ba a gaya mana abin da ya hana shi komawa ba. Yunwa ai ta wuce.

Mai tambaya:

Kawu, ni ma shi ke cina. Baba Rajistara, na fasa Asabar. Na kira baffa, ya ce a bari gwaggo ta dawo daga Yawuri a zauna gaba ɗaya. Tambaya ɗaya: littafin alƙalin da aka kwafo wannan takarda daga ciki, zai yiwu yana nan? A ina zan nema?

Tsohon Rajistara:

Zai yiwu, amma kada ka sa rai da yawa. Wajen 1968 gwamnatin jiha ta karɓi kotuna daga hannun En'e, littattafai sunka yi ta canza ɗaki. Wasu an kwashe zuwa Sakkwato da Kaduna, wasu suna sito har yau, wasu gara ta gama da su. Ka rubuta sunan alƙalin da ke kan hatimin da shekarar, ka je Argungu ka nemi rajistaran babbar kotu da takardar roƙo a rubuce. In ya ce bai sani ba, ka tambayi masinjan da ya fi kowa daɗewa, ko wanda ya yi ritaya, su sunka san inda anka zuba komai. In littafin ya samu, kada ka tsaya ga shafin gadon kaɗai. Ka sa a karanta maka na watannin da ke bayanai, ka ga ko 'yan uwan biyu sun sake komowa gaban alƙali.